Ƙara Tsawon Kwalbati a Ƙofar Gida: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Haƙa Rami

Duk wanda ya bi layukan Unguwar Rimi, Malali, Badarawa ko Kawo a cikin garin Kaduna zai ga kusan kowane gida yana da ɗan kwalbati a bakin ƙofarsa, inda mota take haurawa ta tsallake lambatu. Idan maigida ya faɗaɗa ƙofa ko ya buɗe shago a jikin katanga, sai kwalbatin ya yi masa gajarta, ya nemi a ƙara masa mita uku ko huɗu. A da da kankare ake wannan aiki, amma yanzu wasu sun koma ga bututun roba saboda rashin nauyinsa da saurin ɗorawa. Aikin yini ɗaya ne, sai dai kuskure kaɗan a cikinsa ya isa ya juya ruwan layi gaba ɗaya zuwa tsakar gidan maƙwabci.

Kaduna tana samun ruwan sama wajen milimita 1,200 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Afrilu da Oktoba, mafi yawa kuma a Agusta da Satumba. Babbar ambaliya irin wadda Kogin Kaduna ya yi a Satumban 2003 ta fi ƙarfin kowane magidanci. Amma akwai ƙaramar ambaliya wadda ba ruwanta da kogi, wato wadda take tasowa daga lambatun da aka shaƙe, kuma lissafin aji uku na sakandare ya isa a hango ta.

Ruwa nawa ne zai zo?

Abin da za a fara riƙewa shi ne, milimita 1 na ruwan sama a kan fili mai murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Sai dai ba duk ruwan ne yake gangarowa ba. Gona tana shanye kaso mai yawa, amma rufin kwano da kwalta da daɓen siminti ba sa shan komai. Wani injiniya ɗan ƙasar Ailan, Thomas Mulvaney, shi ya shimfiɗa tushen wannan lissafi a 1851: a ninka faɗin filin da yawan ruwan da ke sauka, sannan a ninka da kason da ƙasa ba ta shanye ba.

Ga misali. A ƙaddara gidaje da titin da ke zuba ruwansu a lambatun sun kai murabba'in mita 5,000, wato rabin hekta. A ƙaddara kuma an yi ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa, kuma kashi 8 cikin 10 nasa ne ya gangaro. Lita 60 sau 5,000 ya ba da lita 300,000. Kashi 8 cikin 10 na wannan shi ne lita 240,000 a awa. Idan aka raba da sakan 3,600, za a sami wajen lita 67 a kowane sakan. Ma'ana, duro mai cin lita 200 yana cika a duk sakan uku, kuma dole wannan ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofar mutum ɗaya.

Faɗin baki da gangara

A nan ne mafi yawan masu aikin suke ruɗuwa. Hankali yana raya wa mutum cewa bututu mai faɗin baki santimita 20 zai ɗauki kashi biyu cikin uku na abin da mai santimita 30 yake ɗauka. Ba haka abin yake ba. Ramin bututu da'ira ne, kuma girman da'ira yana ƙaruwa ne da faɗinta sau kansa. Bayan haka, ruwan da ke gogar jikin bututu yana rage gudu, kuma a ƙaramin bututu kaso mafi yawa na ruwan yana kusa da jikin. Robert Manning, shi ma injiniya ne a Ailan, ya haɗa waɗannan a ƙa'idar da ya gabatar a 1889, wadda har yau injiniyoyi suke aiki da ita. Bisa ƙa'idar, idan aka ninka faɗin baki sau biyu, ruwan da bututu zai ɗauka yana ninkuwa fiye da sau shida.

A koma ga misalin. Bututu mai santsin ciki, mai faɗin santimita 30, wanda aka kwantar da gangarar santimita 1 a kowace mita, zai ɗauki wajen lita 105 a sakan. Ya wadatar da lita 67, har da rara. Mai santimita 20 kuwa, a gangara iri ɗaya, wajen lita 35 kawai zai ɗauka. To, idan tsohon kwalbatin mai 30 ne, maigida ya jona masa mai 20 don ya fi araha, kwalbatin gaba ɗaya ya zama mai 20. Sauran lita 32 na kowane sakan za su taru a bayansa, su haura titi, su nemi ƙofar da ta fi ƙasa.

Gangara ma tana da nata hukuncin, ko da yake bai kai na faɗi tsanani ba. Idan aka rage ta zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, ƙarfin bututun yana raguwa da rabi. Mai santimita 30 ɗin nan zai koma wajen lita 52, ya kasa ke nan. Ga kuma wata illa: ruwan da gudunsa ya gaza wajen santimita 60 a sakan ba ya iya tafiya da yashi, sai ya sauke shi a ciki. Yashin ya tare ledar fiya wata, ledar ta tare wani yashin. Ruwan da ya kwanta a wurin kuwa, a zafin damina sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama babba cikin kwana goma. Auna gangara ba ya bukatar na'ura mai tsada. Siririn tiyo mai ruwa a ciki, irin na magina, ya isa, domin ruwa a bakunansa biyu kullum a tsayi ɗaya yake tsayawa.

Ƙarfin roba yana ga ƙasar da ke gefenta

Irin robar da ake yin waɗannan baƙaƙen bututai da ita ta samo asali ne daga binciken Karl Ziegler a Jamus a 1953, aikin da ya sa ya sami kyautar Nobel a 1963. Ba ta tsatsa, kuma baƙin sinadarin da ake gauraya mata yana kāre ta daga rana. Wanda ya fi dacewa da kwalbati shi ne mai gaɓa-gaɓa a waje, mai santsi a ciki.

Kankare da ƙarfin kansa yake ɗaukar nauyi. Roba kuwa lanƙwasuwa take yi. Idan taya ta danna ta daga sama, sai gefunanta su nemi buɗewa, kuma ƙasar da ke gefen ce take tokare su. Saboda haka a shimfiɗa yashi ko ƙananan tsakuwa a ƙasan ramin, a cika gefuna kaɗan-kaɗan ana daɓewa, musamman can ƙarƙashin cikin bututun inda shebur ba ya son shiga. A sama kuma a bar aƙalla santimita 30 na ƙasa daɓaɓɓiya kafin mota ta hau. Inda lambatun bai da zurfin da zai ba da wannan, bututu bai dace da wurin ba. Gara a zuba murfin kankare.

Mahaɗin tsoho da sabo shi ne wuri mafi rauni. Idan duka biyun roba ne masu faɗi ɗaya, akwai abin ɗauri da ake sayarwa tare da su. Idan tsohon na kankare ne, sai a daidaita ƙasan cikinsu kada a bar tudu, a zagaye mahaɗin da kankare. Ɗan yoyo a nan yana jan ƙasa zuwa cikin bututun a hankali, har wata rana daɓen ƙofa ya rufta. Bakin da ruwa ke shiga da wanda yake fita su ma suna son ɗan bango. Bangon yana hana zaizaya, yana riƙe bututun kada ruwa ya ɗaga shi tun da roba ta fi ruwa rashin nauyi, yana kuma kāre shi daga wutar shara, domin wannan roba tana narkewa a zafin da bai wuce digiri 130 da ɗoriya ba. Sannan lambatun bakin titi ba mallakar maigida ba ne, don haka ya kamata a tuntuɓi hukumar tsara birane ta jiha, KASUPDA, kafin a taɓa shi.

Aikin aji

Malami zai iya raba ɗalibai su auna tsawo da faɗin rufin ajinsu, su lissafa lita nawa zai zubar idan aka yi ruwan milimita 25. Daga nan su sami guntayen bututu biyu masu tsawo ɗaya, ɗaya ya ninka ɗaya a faɗi, su kwantar da su a gangara ɗaya, su auna sakan nawa bokitin ruwa yake ɗauka kafin ya wuce ta kowanne. Sai su rage gangarar, su zuba cokali biyu na yashi a ruwan, su duba inda yashin ya tsaya.