Ƙazuwar Zomo: Me Ya Sa Take Dawowa Bayan An Yi Magani?

Kusan duk mai kiwon zomon da ya zo mini da kukan ƙazuwa, maganarsa ɗaya ce: an yi allura, ɓawo ya zube, gashi ya fito, amma kafin wata biyu sai ga zomo yana ta susar kunne kamar ba a taɓa yi masa komai ba. Wasu su ce maganin jabu ne, wasu su ɗora wa sanyin damina laifi. Gaskiyar magana, sau da yawa maganin ya yi aikinsa. An kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Fara sanin abokin gaba

Ƙazuwar zomo ba ƙuma ce ke kawo ta ba, ba kuma ƙwarƙwata ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwari ne da sai da madubin likita ake tantance su, kuma iri uku ne suka fi addabar zomayen da ake kiwo a tsakar gida ko bayan ɗaki.

Na farko mazaunin kunne ne, masana na kiransa Psoroptes cuniculi. Alamarsa ɓawo mai kauri, ruwan ƙasa, da ke cika kunne hawa-hawa. Zomo ya riƙa kaɗa kai yana susa da ƙafar baya. In aka bar shi, ciwon kan gangara can cikin kunne har wuya ya karkace. Na biyu, Sarcoptes scabiei, dangin wanda ke sa wa mutum ƙazuwa ne. Shi rami yake haƙawa a cikin fata, yana farawa daga hanci, leɓe, gefen ido da yatsu. Wannan ne ya fi kisa, domin in ɓawo ya kama baki da ƙafafu, zomo ya daina cin abinci ya rame. Na uku, Cheyletiella, a saman fata yake yawo. Za ka ga farin amosani kamar dusa a gadon baya da tsakanin kafaɗu. Na biyu da na uku kan sa wa mutum ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje, don haka wanke hannu da sabulu bayan taɓa zomo wajibi ne, musamman ga yara.

Makero ma kan zubar da gashin zomo, kuma maganinsa daban. Shi ya sa ya fi kyau likitan dabbobi ya kankari fatar ya duba kafin a kashe kuɗi.

Ƙofofi huɗu da take dawowa ta cikinsu

Ta farko ita ce ƙwai. Allura tana kashe ƙwarin da suka ƙyanƙyashe, amma ba ta taɓa ƙwai. Daga ƙwai zuwa babban ƙwaro mai iya haihuwa kusan mako uku ne. Wanda ya yi allura ɗaya ya tsaya, iyaye ya kashe ya bar 'ya'ya.

Ta biyu ita ce kejin kansa. Ƙwaron kunne na iya rayuwa har kusan kwana 21 ba tare da jikin zomo ba, a cikin ɓawon da ya zube, a shimfiɗar ciyawa, a tsagar katako. Sanyi da laima na ƙara masa kwana, zafin rana da bushewa na gajarta shi. Nan ne damina ke da hannu, kuma nan ne masu barin zomaye su haƙa rami a ƙasa ke shan wahala, don rami ba ya wankuwa.

Ta uku, 'yan'uwan zomon. A garke ɗaya za ka sami zomo sumul, gashi na sheƙi, alhali yana ɗauke da ƙwarin. An yi wa mai ɓawo magani, an mayar da shi wurin wanda zai sake shafa masa. Haka namijin da aka aro don barbara, ko sabon zomon da aka sayo a kasuwa aka jefa cikin garke a ranar.

Ta huɗu, raunin jiki. Lafiyayyen zomo yana lasar jikinsa yana rage ƙwari da kansa. Wanda yunwa ta kama, ko cunkoso, ko zafin rufin kwano, ko shayarwa, ko wanda haƙoransa suka yi tsawo har ya kasa gyara jikinsa, shi ƙazuwa ke fara kayarwa. In zomo guda ne kullum ke komawa ciwo, a duba bakinsa da abincinsa.

Abin yi

Maganin da aka fi dogara da shi shi ne aibamektin, wanda za ka ga an rubuta Ivermectin a jikin kwalba. Ana yinsa a ƙarƙashin fata, miligiram 0.2 zuwa 0.4 ga kowane kilo na nauyin zomo, sau uku, da tazarar kwana 10 zuwa 14 tsakani. Tazarar nan ita ce sirrin: allura ta biyu da ta uku su ke tarar waɗanda suka ƙyanƙyashe daga baya. Ka lura da ƙanƙantar ma'aunin. Da maganin shanu mai ƙarfin kashi 1 cikin 100, zomo mai kilo 2 bai wuce mililita 0.08 ba, ɗigo ne kawai. Sirinjin shanu ba ya iya auna wannan, kuma ƙiyasin ido na iya kashe zomo. A auna nauyi, a bar wa likita ko ma'aikacin asibitin dabbobi allurar. Shi ne kuma zai yanke hukunci kan mace mai ciki da ƙananan 'ya'ya, ya faɗi makonnin da za a jira kafin a yanka zomon don ci.

A yi wa dukkan zomayen gida a rana ɗaya, mai ɓawo da marar ɓawo.

Kada ka ɓantare ɓawon kunne. Ƙarƙashinsa ɗanyen nama ne, zafinsa ba kaɗan ba, kuma da kansa zai zube bayan magani ya kama. In kunne na wari ko ruwa, ko kai ya karkace, aikin ya wuce allurar ƙazuwa kaɗai. A koma wurin likita.

Ranar kowace allura, ranar aikin keji ce. A kwashe shimfiɗa da kashi da ɓawo a ƙone su. A goge keji da kwanukan ci da sha da ruwan zafi da omo, a shanya a rana har su bushe ƙarau. Mai keji na biyu ya mayar da zomaye can, ya bar tsohon babu kowa wata guda cur. Yunwa za ta gama da ƙwarin. Rami kuwa a fitar da zomaye a cike shi. Katakon da ya ruɓe, wuta ce maganinsa.

Abin da nake roƙo a bari

Baƙin mai, kananzir da fiya-fiya ba magani ba ne. Zomo na lasar jikinsa, duk abin da ka shafa masa cikinsa zai tafi. Haka maganin ƙumar karnuka mai sinadarin fipronil, irin su Frontline: guba ne ga zomo, yana sa shi farfaɗiya ya mutu. Man gyaɗa ko man kaɗanya na tausasa ɓawo, amma ba ya kai wa ga ƙwaron da ya shige cikin fata.

Bayan an warke

Ɗaga keji daga ƙasa, a inuwa mai iska, inda feshin ruwan sama ba ya kaiwa. Rage cunkoso. Kada harawa da ganye da ruwa mai tsabta su yanke. Duk baƙon zomo, saye ko aro, ya yi wata guda a kejinsa shi kaɗai kafin ya haɗu da naka. Sannan ka ware rana ɗaya a mako, ka ɗauki kowane zomo ka leƙa kunnensa, ka duba hanci da yatsu, ka buɗa gashin baya. Ƙazuwar da aka gano tana ɗan ɓawo kamar ƙwayar gero, allura uku da wankin keji sun ishe ta. Wadda aka bari ta rufe fuska, sau da yawa tare da zomon take tafiya.