Ɗauko Manhaja da Sunanta: Sauƙinsa da Hatsarinsa

A dā, idan mai aiki da kwamfuta yana bukatar wata manhaja, tilas ne ya nemo ta a faifai, ko kuwa ya bi ta intanet har wurin wanda ya rubuta ta, ya kwaso, ya harhaɗa da hannunsa. Sau da yawa sai ya tarar ba ta tashi sai da taimakon wata, waccan kuma tana bukatar ta uku, har rana ta faɗi aiki bai kammalu ba. Saboda wannan wahala masana suka kafa manyan rumbuna a intanet, inda ake tara manhajoji ƙunshi-ƙunshi, kowane ƙunshi da sunansa. Masu rubutu da harshen kwamfuta da ake kira Python suna da rumbun PyPI, wanda aka buɗe a 2003. Masu harshen JavaScript kuwa suna da npm tun 2010. Yanzu mutum sai ya rubuta "pip install", ya bi shi da sunan ƙunshin da yake so, kafin ya ɗaga kai kwamfuta ta ɗauko shi tare da dukan waɗanda yake dogara da su, ta girka.

Lalle wannan babban sauƙi ne, ba mai musun haka. Amma fa kwamfuta kamar yaron aike take wanda ba ya tambaya. An ce masa ya tafi kasuwa ya karɓo kaya kaza, duk wanda ya amsa sunan kayan shi zai miƙa wa hannu. Suna kaɗai ba ya faɗin wanda ya rubuta ƙunshin, ba ya faɗin rumbun da ya fito, balle abin da ke cikinsa. Har wa yau akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba, watau wani ƙunshin tun ana cikin girka shi yake fara aiki, da irin ikon da mai girkawa yake da shi bisa kwamfutar. Idan mugu ne ya rubuta shi, ɓarna ta riga ta auku tun kafin a buɗe shi.

Ƙofar PyPI da ta npm a buɗe take ga kowa. Wanda ya yi rajista yana iya zuba ƙunshinsa kyauta, ba wani mai gadi da zai karanta shi tukuna, kuma wanda ya riga kama suna shi ke da shi. Wannan sakewa ce ta sa rumbunan suka cika, har PyPI ya haura ƙunshi 500,000 a 2024, npm kuwa ya wuce miliyan 2. Ita ce kuma ta ba mazambata hanya.

Hanya ta fari ita ce ta kuskuren yatsa. A 2016 wani ɗalibi na Jami'ar Hamburg a Jamus, Nikolai Tschacher, ya bayyana wani gwaji da ya yi. Ya shirya ƙunshi 214, ya raɗa musu sunaye masu kama da na sanannun ƙunshi, sai dai harafi ɗaya ya ɓace ko ya sāke wuri. Abin da ya sa a ciki ba mai cuta ba ne, yana aiko masa da labari ne kawai idan an girka shi. Cikin 'yan watanni labari ya zo masa daga kwamfutoci fiye da 17,000, har da na ma'aikatun gwamnati da na soja na Amurka, kuma fiye da kashi 40 cikin 100 sun girka shi da cikakken ikon mai kula da kwamfuta. Ba da daɗewa ba ɓarayi na gaske suka bi sawu. A 2017 aka kama "crossenv" a npm yana kwaikwayon "cross-env" yana satar bayanan sirri. A Disamba 2019 aka gano wani a PyPI mai kwaikwayon "jellyfish", an cire ƙaramin harafin l na farko an sa babban I a madadinsa. A ido ba su da bambanci ko kaɗan. Ya yi kusan shekara guda a rumbun yana jiran mai kuskure ya kwashe masa mabuɗan sirri.

Hanya ta biyu ta fi wannan wayo, gama ba ta bukatar kowa ya yi kuskuren rubutu. Manyan kamfanoni suna da rumbunansu na cikin gida, inda suke ajiye ƙunshin da ma'aikatansu kaɗai ke amfani da su, sa'an nan kwamfutocinsu suna duba na gida da na waje duka biyu. A Fabrairu 2021 wani mai bincike, Alex Birsan, ya nuna abin da ke faruwa idan suna ɗaya ya bayyana a wurare biyu. Ya tsinci sunayen ƙunshin cikin gida na kamfanoni, ya kafa nasa da waɗannan sunaye a rumbunan waje, ya ba su lambar bugu mai girma ƙwarai. Kwamfuta kuwa an koya mata ta fifita sabon bugu, sai ta bar na gida ta ɗauko nasa. Ta haka ya shiga kamfanoni fiye da 35, ciki har da Apple da Microsoft da PayPal, kuma da yake ya sanar da su, suka biya shi ladan da ya haura dala 130,000. A ƙarshen Disamba 2022 wani ya yi wa manhajar PyTorch irin wannan da sunan "torchtriton", ƙunshin nasa kuwa yana kwashe bayanan kwamfutar da aka girka shi.

To, ashe ba a iya tsare ƙofar? Ana iyawa, amma da tsada. Rumbun Debian, wanda ake ɗauka daga cikinsa da "apt", sai sanannun masu kula ke zuba kaya a ciki, kuma an buga wa kayan hatimin da kwamfuta ke dubawa kafin ta karɓa. Baƙo ba ya iya kama suna a nan yadda ya ga dama. Sakamakon haka bugun Debian na 2023 ƙunshi wajen 64,000 ke cikinsa, kuma tabbataccen bugu yakan fito ne kamar bayan shekara biyu-biyu, mai son sabon abu sai ya yi haƙuri. Wannan jinkiri ya yi rana a Maris 2024, sa'ad da aka gano ɓoyayyar ƙofa a manhajar xz. Ta riga ta kai bugun gwaji na Debian, amma ba ta kai tabbataccen bugun da yawancin jama'a ke aiki da shi ba.

Wanda yake ɗauka daga buɗaɗɗen rumbu, nauyin gadi a kansa yake. Ya kamata ya kwafo sunan daga takardun masu manhajar da kansu, kada ya rubuta shi da ka. Haka kuma sunan da na'urori masu amsa tambaya suka ba shi, ya duba shi tukuna, domin sukan ƙirƙiro sunan da babu shi, mazambaci kuma yana iya riga kowa kama shi. Kada ya girka da cikakken iko in ba dole ba. A aikin da ya shafi ofis ko kuɗin jama'a, ya fi kyau a rubuta lambar bugun kowane ƙunshi tare da lambar shaidarsa, wadda take sākewa idan an taɓa ko harafi ɗaya na cikinsa, domin kwamfuta ta ƙi duk wanda bai dace ba. Wannan ma yana da tasa wahalar, gama gyaran da masu manhaja suka yi ba zai iso da kansa ba, sai an sa wani ma'aikaci yana dubawa yana sabuntawa a kai a kai. Kamfanin da ke da rumbun cikin gida kuwa ya umarci kwamfutocinsa su nemi ƙunshin gida a gida kaɗai.

Masu rumbunan ma ba su zauna ba. Tun 1 ga Janairu 2024 PyPI ya wajabta wa duk mai zuba ƙunshi shaida biyu kafin ya shiga, watau kalmar sirri da wata shaida ta dabam. Wannan yana hana ɓarawo ƙwace ƙunshin wani da kalmar sirrin da ya sata, amma bai hana shi buɗe rajistar kansa ya kama suna mai kama da na wani ba.