Darasi: Yatsa da kunamar bindiga

Darasinmu na yau a kan bindiga ne, wadda kake ratayawa in za ka tsaron gona ko farautar zabin daji.

Kunama ita ce ɗan ƙarfen da ake ja bindiga ta tashi. Yatsanka ba ya da aiki a kanta sai ka ga abin harbi sarai, ka auna shi. Kafin nan, miƙe yatsan a jikin icen bindiga, bisa kunama. Me ya sa? In mutum ya yi tuntuɓe ko ya firgita, hannunsa yakan damƙe da kansa, ba da izininsa ba. Wanda ya san duwatsun Adar, daga Galma zuwa Buza da Keita, ya san tuntuɓe ba ya sallama. In yatsa na kan kunama lokacin nan, harbi ya fita ke nan, wataƙila a bayan ƙanenka da ke tafe gabanka.

Kada ka nuna wa kowa bakin bindiga, ko da wasa, ko ka rantse babu komi ciki. In kana tafe, bakinta ya dubi ƙasa. Za ka hau jaki ko amalanke? Fidda harsashi tukuna.

Yanzu masu bindigar toka, ku kasa kunne. Da damina albarushi yana shan sanyi. Sai ka ja kunama, shiru. Nan ne mutane ke halaka: su juyo bakin su leƙa, ko su hura. Wuta kuwa tana ci a hankali cikin gindi. Riƙe ta yadda take, ka ƙirga har 60 kafin ka sauke. Kuma ka yi wa sandar ɗuri shaida da wuƙa lokacin da bindiga ba komi. In ka zura sandar, shaidar ta tsaya sama da baki, akwai ɗuri ciki. Kada ka ƙara. Ɗuri bisa ɗuri shi ke fasa bindiga a hannun mai ita.

Daji ma ya sake. Tun 1975 aka fara dasa layukan bedi a kwarin Majiya don tare iska, aikin Keita kuma ya soma a 1984. Itace ya yi yawa, alhamdu lillahi, amma bayansa akwai mai kiwo, akwai mata masu itacen wuta. Hatsi ma in ya yi tsawo yana ɓoye mutum. Motsin ganye ba nama ba ne.

Dokar farauta ta 1998 ta ce sai da takarda. Tambayi ma'aikatan gandun daji a Madawa. A gida kuwa, aje bindiga ba ɗuri, albarushi dabam, nesa da murhu, inda hannun yaro ba ya kaiwa.