Mene Ne Ilimin Halayyar Ɗan Adam?

Mai karatu, sau da dama idan ɗalibi ya ce saikoloji yake karantawa a jami'a, sai ka ji an ce masa, "To, gaya mini abin da ke zuciyata." Wannan kuskure ne. Masanin wannan fanni ba boka ba ne, ba ya duba.

Sunan ya fito ne daga kalmomin Helenanci guda biyu, ɗaya tana nufin rai, ɗayar kuma nazari. Amma da yake rai ba ya aunuwa, sai masana suka koma ga abin da za a iya lura da shi, wato ɗabi'ar mutum da yadda tunaninsa yake aiki. A shekarar 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a birnin Laifzig na Jamus, inda aka riƙa auna lokacin da mutum yake ɗauka kafin ya amsa ƙarar da ya ji. A 1913 John Watson na Amurka ya ce a bar zancen tunani gaba ɗaya, a dubi ɗabi'a kaɗai. Ya wuce gona da iri, na bayansa kuwa suka maido da tunani cikin nazarin.

Fagen yana da faɗi: girman yaro, koyo da mantuwa, tsoro, baƙin ciki, zaman aure, har da halin mutum cikin taro. Sai dai a lura, masanin halayya dabam yake da likitan ƙwaƙwalwa. Shi likitan ya karanta aikin likita, yana rubuta magani. Masanin halayya kuwa yawanci da gwaji, saurare da shawara yake aiki. Wanda damuwa ta hana shi barci da cin abinci makonni yana iya bukatar su duka biyu.