Baƙon Dangi a Gidan Gandu: Nazari Daga Ƙasar Roni

Gabatarwa

Wannan muƙala ta dubi yadda ake saukar ɗan'uwa a gidan gandu a ƙasar Roni ta masarautar Kazaure, jihar Jigawa. Gandu, kamar yadda Polly Hill ta fayyace shi a nazarinta na Batagarawa (1972), tsari ne da uba da 'ya'yansa maza ke noma tare, a ci daga rumbun maigida, kowane ɗa kuma yana da gayaunarsa.

Matsayin Baƙo

A wannan tsari, ɗawainiyar baƙo tana wuyan maigida, domin shi ke da ikon buɗe rumbu. Sai dai lokacin zuwan baƙo shi ke fayyace matsayinsa. Wanda ya sauka da damina, musamman a marka lokacin da hatsi ya ja baya, kunya ba ta barinsa zaman zaure. Yakan ɗauki fartanya ya bi masu gida gona. Wanda ya zo da kaka kuwa, akan sallame shi da damin gero ko dawa. Ke nan saukar baƙo musayar ƙarfi ce da abinci, wadda ke raya karin maganar nan, "zumunta a ƙafa take."

Kammalawa

Yayin da gandu ke rarrabuwa saboda rabon gado da tafiya cin rani, rumbu ɗaya ya zama rumbuna. Tambayar da ke gaban manazarta ita ce: idan baƙo ya yi sallama yau, rumbun wa za a buɗe?