Folik asid: a fara sha tun kafin ciki ya shiga

Aikin jinya nake yi a Jos, kuma galibin matan da nake yi wa awo daga Nasarawa Gwom suke da unguwannin da ke kewaye. Da zarar na ja fatar idon mace na ga cikin fari fat, kafin in yi magana za ta riga ni: "Sista, ai jini ne babu." Haka ne, amma ƙarancin jini kala-kala ne. Akwai na rashin ƙarfe, akwai wanda zazzaɓin cizon sauro ke jawowa, akwai kuma na rashin sinadarin folik asid, wanda shi nake so mu tattauna.

Da wannan sinadari jiki ke ƙera sababbin ƙwayoyin jini. In ya yi kaɗan, ƙwayoyin sai su fito manya amma ba yawa, ba kuma ƙarko. Mai shi zai riƙa kasala, haki daga ɗan hawa tudu, bugun zuciya, harshe ya yi ja sumul yana zafi, baki ya yi gyambo. Ajiyarsa a jiki ba ta wuce ta wata uku zuwa huɗu, don haka mai ciki, mai shayarwa, mai sikila da mai yawan shan barasa su ke fara faɗawa.

Abin da ke ba ni takaici, a Jos muke. Ga alayyafo, kabeji, latas da koren wake jibge a kasuwar Farin Gada, ana lodinsu zuwa wasu jihohi. Amma mu a gida sai mu tafasa ganye har ya koma baƙi, mu tsiyaye ruwan, gobe a sake ɗumama miyar. Zafi na kashe sinadarin, saura kuma ya bi ruwan da aka zubar. A sa ganye a ƙarshen girki, ya ɗan risina a sauke. Wake, gyaɗa, zogale da lemun zaƙi duk suna taimakawa.

Ga mace mai neman haihuwa kuwa, abinci kaɗai bai isa ba. Bututun da ke zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farkon ciki, lokacin da uwar ma ba ta tabbatar tana da shi ba. In bai rufe ba, a haifi yaro da ƙullutu a gadon baya, ƙafafu ba ƙarfi, fitsari da bayan gida ba riƙo. Na sha jin dangi suna cewa iska ce ta shafe shi. Mu kuma matanmu, saboda kunya da ɓoye ciki, sai wata biyar ko shida suke zuwa awon farko. Ƙwayar folik asid za ta gyara musu jini a lokacin, amma ba za ta rufe abin da ya riga ya buɗe ba. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a sha mikrogiram 400 kullum tun ana shirin ɗaukar ciki.

A kula da awon ƙwayar. 'Yar rawayar nan da ake sayarwa a kemis galibi miligiram 5 ce, ta ninka waccan fiye da sau goma. Ita ake ba masu sikila, masu shan wasu magungunan farfaɗiya, da wadda ta taɓa haihuwar yaro mai wannan lalura. Amma tana rage ƙarfin Fansidar da ake ba masu ciki don rigakafin zazzaɓi, shi ya sa ba a haɗa su kai tsaye.

A ɗakin jinya, ba na fara ba babba folik asid sai na tambaye shi ko ƙafa ko yatsu na masa dindiris ko tsira kamar allura. In akwai, ina neman likita ya sa a auna bitamin B12, domin in rashinsa ne, folik asid na iya gyara jinin alhali jijiyoyi na ci gaba da lalacewa. Wanda aka tabbatar masa da ƙarancin folik asid kuwa, yakan sha magani kimanin wata huɗu; muna duba bakinsa, mu ba shi abinci mai laushi marar yaji, mu hana shi miƙewa zumbur saboda jiri.

Iyaye mata masu haɗa kayan ɗaki, da angwaye masu haɗa lefe: kafin biki a kai amarya asibiti mafi kusa, a rubuta mata ƙwayar daidai awonta, ta fara sha tun ranar.