DARASI: TASWIRAR TSIRRAI A GANDUN DAJIN GASHAKA-GUMTI

Ya ku ɗalibai, ku sani cewa wanda bai san dukiyarsa ba, ba zai iya tsaron ta ba. Saboda haka ne masana ke zana taswirar tsirran daji. Bari mu ɗauki misali da Gashaka-Gumti, gandun daji mafi girma a Nijeriya, wanda aka kafa a 1991 a jihohin Taraba da Adamawa. Faɗinsa ya wuce murabba'in kilomita 6,000.

Da farko, tsirrai ba sa fitowa barkatai. Kowane iri yana da abokan zamansa, gwargwadon ruwa da ƙasa da tsawon wurin. A arewacin gandun akwai daji mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, irin su maje da kawo. A bakin rafuka akwai kurmi mai duhu. Can kudu kuwa, kan duwatsu masu sanyi, akwai kurmin tsauni da filayen ciyawa, har zuwa Chappal Waddi mai tsawon mita 2,419, wanda babu tsaunin da ya kai shi a ƙasar nan.

To, yaya ake zanen? Ana fara duba hoton da tauraron ɗan Adam ya ɗauko, a ware wuraren da launinsu ya bambanta. Amma hoto ba ya faɗin sunan itace. Dole masani ya taka da ƙafarsa, ya auna ɗan fili, ya rubuta itatuwan da ke ciki da kaurinsu. Sannan a ba kowane rukuni launinsa a takarda.

Fa'idar ita ce, idan aka gwada taswirar bana da ta shekarun baya, za a ga inda kurmi ya ragu saboda gobarar daji ko kiwo ko sarar itace, kamar yadda aka yi wa madobiya a Taraba. Daga duwatsun nan rafuka ke gangarowa su shiga Kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. In kurmi ya tafi, rafi ya ƙafe da rani, manomi da makiyayi da masunci duk sai sun ji a jikinsu.

Aikin gida: ku zana filin makarantarku, ku sa alamar kowace bishiya. Ku tambayi iyayenku sunanta, da kuma itatuwan da suka sani a wurin a da, waɗanda yanzu babu su.